Bashmuhandis Shauki da Jar Wayarsa

Ina cikin gugar wata farar jallabiya ranar Asabar da hantsi, sai lasifikar masallacinmu ta yi tari sau biyu. Duk ɗan garinmu Mahalla ya san wannan tarin. Ladan ya yi salati, ya ce Allah ya yi wa Bashmuhandis Shauki Abul-Futuh rasuwa, za a yi masa salla bayan azahar. Na tsaya da dutsen guga a hannu har ya yi wa rigar mutane tambari. Abin da ya fara zo mini a rai, Allah ya yafe mini, shi ne da Shauki ya ji sanarwar, da ya ce lasifikar ba ta da ƙarfi, a sauko da ita ya duba.

Mun yi rashin babban mutum. Shekara hamsin da ɗoriya muna tare, ban taɓa jin tambayar da ba shi da amsarta ba, ko da ba shi aka yi wa ba. Likita ya rubuta magani, Shauki ya gyara masa. Direban jirgin ƙasa ya taka birki, Shauki ya girgiza kai. A garinmu kowa bashmuhandis ne, wato babban injiniya. Mai kifi yakan kira ka da haka don ka sayi kifi, kwandasta kuma don ka matsa ciki. Kowa yana yin murmushi ya wuce. Shauki kaɗai ne a faɗin Masar aka kira, ya waiwaya, ya yarda. Aikinsa na ainihi riƙe makullan sito ne a masaƙa, amma sukudireba uku ke leƙowa daga aljihunsa, har ranar Idi.

Yana da farar Fiat da ta girmi 'yarsa Rabab. Yana kiranta Hanim, kamar matar basarake, yana goge ta kafin ya wanke fuskarsa. A cikinta ya ƙuduri aikin da ya ce za a daɗe ana labarinsa: zai sa mata sauti irin wanda ba a taɓa ji ba daga nan har Iskandariyya.

Mutanen gidan shayi sun ɗauka tsufa ne ya zo masa da ƙuruciya. Ni na san dalili. Bayan rasuwar matarsa Fauziyya, ya tsinci kaset guda a ƙasan akwatinta, wanda ta aika masa shekarar da ya yi aiki a Basra, lokacin da matanmu ke ɗaukar muryarsu su ba matafiyi. Shekara arba'in rabonsa da jin kaset ɗin. Ya sa a rediyon gida, bai ji komai ba sai huci. Kunnuwansa sun daɗe da yin ritaya, sun riga shi ma. Rabab ta saya masa ɗan abin sawa a kunne, ya jefa a durowa, ya ce kunnen injiniya lafiyarsa lau, mutanen zamani ne ba sa buɗe baki. Gwano ba ya jin warin jikinsa. So yake ya ƙara jin Fauziyya sau ɗaya, kuma ya gwammace ya rushe mota da ya faɗi haka.

Usta Gabir, rewayan da shagonsa ke jikin nawa, ya ce a kawo masa, awa ɗaya ta isa, kuma ba zai karɓi ko shayi ba. Shauki ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi.

"Gabir, ɗana, kai da hannu kake aiki. Ni da kai nake aiki. Wayar mota kamar jijiyar mutum ce, ba a ba wanzami aikin tiyata."

Gabir ya ce, "Allah ya ƙara basira, Bashmuhandis," ya koma shagonsa yana tauna gashin baki.

Aka fara aiki a ƙofar shagona, domin Shauki ya ce ilimi ba a ɓoye shi. Ya sayo tsohon rediyon kaset a kasuwar Juma'a, da amfilifaya mai nauyin ɗan maraƙi, da lasifikoki shida waɗanda babu biyu da suka haɗa uwa. Ya cire kujerar baya ya jingine ta a bangona, tana nan har yau, kyanwa ke kwana a kai. Ya ɓalle ƙofar kabad ɗin ɗakinsa, ya yanka ta, ya haɗa akwatin babbar lasifika. Bai auna ba, ya ce idon injiniya ma'auni ne. Akwatin ya shiga but, but ya ƙi rufuwa. Ya ce da ma haka ya tsara, sauti yana son iska.

Sai maganar waya. Ya sayo dami guda, ja zalla. Gabir ya leƙo ya ce gara a bambanta launi, don a san wadda ta fito daga batir da wadda ta koma. Shauki ya ce launi na masu mantuwa ne. Kwana uku yana kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a titi, yana yi wa masu wucewa bayani. Da ya fito, cikin Hanim ya koma kamar kwanon taliya da miyar tumatir.

Ranar gwaji ya sa kwat. Ya murɗa rediyo, waifa ta tashi tana share gilashi. Ya taka birki, ham ya yi kuka. Ya kunna sigina ta hagu, lasifikar dama ta fara yin tsaki. Ya juyo ya dube mu a natse, ya ce wannan shi ake kira haɗin kai, kowane sashe yana sane da ɗan'uwansa. Fis ya ƙone, ya sa wani. Ya ƙone, ya naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ya ce masu ƙera mota ba sa son talaka ya san wannan sirrin. Batir kuwa kullum sai ya mutu. Ni Subhi mai guga, da shekara sittin da bakwai da ciwon gwiwa, na tura Hanim sau goma sha ɗaya a mako biyu, shi yana ciki yana koya mini yadda ake turi.

Ran da na ga hayaƙi yana fitowa ta ramin kaset, hankalina ya tashi. Mota in ta ƙone, ƙarfe ne. Muryar Fauziyya kuwa guda ɗaya ce ta rage a duniya, kuma gobe ko jibi zai cusa ta a cikin wannan murhun.

Ranar Talata Rabab ta kai shi ganin likitan zuciya a Tanta, ya bar mini makullin mota. Na shiga wurin Gabir, na ajiye makullin a kan teburinsa. Ya rufe shago. Wuni guda ya yi yana zare waya yana sa wata, duk ja, don kada mai ita ya gane. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa shan wuya irin ta ranar ba. Har salatif ɗin ya naɗa a karkace, irin naɗin Shauki.

Ranar Alhamis da la'asar Shauki ya zo, ya taɓa waya biyu, ya hura wata, ya murɗa. Rediyo ya kama tas. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce in shiga in zauna. Ya ɗaga gilasai duka don sirri, ya manta but a buɗe yake, bakin babbar lasifika yana kallon gidan shayi. Ya ciro kaset daga aljihun ƙirji, ya sa, ya murɗa ƙara har ƙarshe.

Fauziyya ta yi sallama, tantabarun kan rufi suka tashi. Muryarta ta ƙuruciya ce. Ta ce Rabab ta fara haƙori, ta ce waken ful ya yi tsada, ta ce gida ya yi mata faɗi. Masu wasan domino suka ajiye hannu. Sannan ta ce:

"Shauki, don Allah don Annabi, kada ka taɓa wayar mutane a can, ƙasar wasu ce. Fankar da ka gyara ta ƙone labule bayan tafiyarka. Na sa an gyara, na ce kada a gaya maka. Ka dawo mini da yatsunka goma, ni su nake so, ba gyara ba."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan alherin ba zan manta wa unguwarmu ba. Na hangi Gabir a ƙofar shagonsa yana kallon ƙasa.

Shauki ya kwantar da tafin hannunsa a kan lasifikar ƙofa, idonsa a rufe, hawaye na bin gashin bakinsa. Kalmomin ba su isa gare shi ba. Muryar ce ta isa, ta hannu da ta ƙirji. Da kaset ya ƙare, ya share fuska, ya gyara kwat, ya ce ai na ji da kunnena, hannunsa take yabo, ita kaɗai ta san darajarsa tun farko. Na ce na ji.

Ya shafa jar wayar da ke leƙowa daga ƙarƙashin rediyo, ya ce, "Tsakaninka da Allah, Subhi, da Gabir aka ba wannan aikin, zai yi shi haka?"

Na ce, "Daidai haka zai yi shi, Bashmuhandis."

Ya gyaɗa kai. "Na sani," ya ce. "Ba zai iya ba."