Zagin da Na Yi wa Shirwa

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a gidan miji a Gummi ba, kuma ba daɗin amarci ne ya sa ba. Kaji ne.

Ranar da za a kawo ni daga Anka, Innata ta haɗo ni da wata kaza mai wake-wake, ta ce in riƙe ta amana don irin kajin kakarmu ne. Kaza ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki cike da kwando. Daga ranar hutuna ya ƙare.

Gidanmu a bakin gari yake, bayan katanga sai gonaki da wata doguwar giginya. Tunku ne ya fara shigowa ta magudanar ruwa, na toshe ta da ƙaya da duwatsu, na samu lafiyarsa. Amma shirwa fa, ta ina za a toshe sama? Na kife 'yan tsakin da kwando, zafi ya kusa gasa su. Na rataya tsumma a jikin sanda, iska ta kayar. Bafillatar da ke kawo mana nono ta ce in rina su da shuni, wai shirwa ba za ta gane su ba. Na rina su, hannuwana suka yi kwanaki shuɗaye, shirwa kuwa ta ci gaba da ɗauka (ashe ita launi bai dame ta ba). Maigida kullum cewa yake gobe zai sayo raga a yi musu rumfa. Ni ce dai a tsakar gida, ido ɗaya a tukunya, ɗaya a sama, har wuyana ya ƙage. Sallah ma a gurguje nake yin ta, Allah ya yafe mini.

To, mahaifiyar maigidana, Hajiya, a Gwashi take zaune. Mace ce mai kawaici, ba ta cika zuwa ba, in ma ta zo sai ɗanta ya yi ta fama kafin ta karɓi ɗan sabulu ko shinkafar da zai ba ta. Ni kuwa ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryata.

Wata rana da azahar ina tuƙin tuwo, kaina a tsefe rabi, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji kazar ta yi wannan kukan da na sani. Kafin in miƙe shirwa ta sure ɗaya. Gajiyar makonni ta taso mini gaba ɗaya. Na wurga muciya sama, na buɗe murya iya ƙarfina:

"Kin dawo ko? Tsohuwar banza, ba ki da aiki sai bin gidajen mutane! Duk zuwan da za ki yi sai kin tafi da wani abu. Allah ya isa tsakanina da ke!"

Ina juyowa in ɗauki muciyar sai na ga mutum a bakin zaure. Hajiya ce, da ƙullin kaya a ka, da 'yar ƙwaryar man shanu a hannu. Ashe ta yi sallama ban ji ba.

Ta dube ni. Sannan a hankali ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata, ban san na dame ku ba." Ta juya.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na bi ta zaure ba ko mayafi, na durƙusa, ina rantsuwa da shirwa nake. Ta leƙa ta dubi sama, ni ma na duba. Fayau, ko tsuntsu ɗaya babu. Ta ce ba komai, ai yaran yanzu da gaskiyarsu, tana gyara ƙullinta za ta fita. Tuwo yana can yana ƙauri, ni ina riƙe da gefen zanenta ina hawaye.

Muna cikin haka kazar ta sake yin kuka. A gaban idon Hajiya shirwar ta sauko, ta ɗauki wani shuɗin ɗan tsako, ta yi giginya da shi. Wallahi ban taɓa murnar asara ba sai ranar.

Hajiya ta bi ta da kallo, ta ce, "Waccan ta tsohuwar?"

Na ce ita ce. Ta sauke kayanta ta zauna a dakali, ta yi ta dariya har da share ido. Da ɗanta ya dawo daga aiki ta sa shi gaba, bai ci abinci ba sai da ya je kasuwa ya sayo raga. 'Yan tsaki kaɗan ne suka rage, amma sun rayu.

Labarin kuwa ya riga ni zuwa Gwashi. Har yau in Hajiya ta zo, daga zaure take ɗaga murya ta ce tsohuwar banza ta iso, a ɓoye kaya. Ni dai in sunkuyar da kai in shimfiɗa tabarma.

Abin da na koya bai da yawa: in za ki zagi shirwa, ki fara duba bakin ƙofa, sannan ki kira sunanta tun a kalmar farko.