Wa ya taɓa min inji?

Ba zan taɓa mantawa ba da jajibirin sunan ɗana na fari, ko na so in manta ma Tanimu mai walda ba zai bari ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi, rabi haushin Tanimu, rabi haushin kaina.

Ni kafinta ne. Rumfata tana bakin titi a Ƙofa, langa-langa ce kawai ta raba ta da ta Tanimu. Ina da injin tsaga katako irin na tebur, wanda faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa. A gefen zarton akwai wani dogon ƙarfe da katako ke jingina da shi yana tafiya don tsagar ta fita daidai, geji muke ce masa. Nawa tun daga farkon tebur yake har ƙarshe, sambal. Kowa a layin nan ya san dokata: a ari guduma, a ari zarton hannu, amma ba a taɓa min inji.

Sai kuma in faɗa muku, ina da zuciya. (Ni faɗar gaskiya nake kiranta, mutanen gari suna ce mata masifa.) Lokacin da na nemi auren Rabi, mahaifinta da ke Burumburum ya sa aka bincika halina, aka ce masa yaro yana da sana'a, yana salla, amma bakinsa ba linzami. Saura ƙiris ya hana ni. Kawuna ne ya je ya durƙusa, ya ce sharri ne kawai na masu hassada, shi ya tsaya mini. Tun daga ranar, shekara uku, in dai a gaban Baba, mahaifin Rabi, nake, takalmi a hannu, kai a ƙasa, murya kamar ta mai zazzaɓi. Abu ɗaya nake tsoro a duniya, kada tsohon nan ya ga ainihina, ya gane kawuna ƙarya ya yi masa.

To ranar, benci shida nake son haɗawa saboda baƙin suna. Rabi ta ce a yi hayar kujeru, na ce Allah ya kiyaye, a ce kafinta guda ya yi hayar wurin zama? Na sayo katakon bishiyar turare da aka kawo daga wajen Doguwa, ɗanye shataf, har ruwa yake yi. Masu wuta kuma suka ɗauke ta kwana uku cur. Da safe na tafi neman ragon suna, aka ɓata mini rai a can, ban dawo ba sai bayan azahar. Ina sauka daga acaɓa na ga fitilar rumfata a kunne. An kawo wuta! Na san ba za ta yi awa biyu ba, na ɗaure ragon na ruga.

Ina yaye buhun da nake rufe inji da shi, sai na tsaya cak. An lafta wani guntun katako a jikin gejina, kaurinsa kamar yatsu biyu, an goge shi sumul. Ya faro daga farkon tebur, amma da ya zo daidai tsakiyar zarto sai ya ƙare, kamar wanda katako ya yanke wa. Kuma da noti biyu aka ɗaure shi. Wato huda mini geji aka yi. Huda! A duk layin mutum ɗaya ke da abin huda ƙarfe.

"Tanimu! Wa ya taɓa min inji?"

Ya leƙo da baƙin gilashinsa a goshi. "A'a, angon ƙarni, har ka dawo? Rage murya mana."

"In rage murya? Kai ka huda mini geji?"

"Hudar kam ni na yi, amma sa ni aka yi. Don Allah ka yi shiru, zan maka bayani anjima."

Yana magana yana ƙifta mini ido, yana turo baki wajen langa-langar da ta raba mu. Ni kuwa na ɗauka rashin gaskiya ce ta sa idonsa rawa. (Ku yi mini adalci: mutum yana da baki, me zai hana shi cewa surukinka yana ciki? Kalma uku ce fa.)

Kafin ka ce me, mai shayi ya matso, 'yan acaɓa sun kashe babura. Ni kuma in na ga taro, zuciyata ƙara mai take yi. Na ce wane jahilin ne ya sa ka? Na ce duk wanda ya yi wannan aikin, ko akurkin kaji bai iya haɗawa ba. Na ce mutum bai san geji ba, bai san zarto ba, ya zo yana lafta wa injin mutane guntun katako kamar mai toshe ramin ɓera. Na ce in ya isa ya fito in koya masa sana'a kyauta, in kuwa tsoho ne ya je ya nemi tabarma ya kwanta. Tanimu ya ɗora hannu biyu a ka yana salati. Na kwance notin nan biyu, na ɗauki guntun katakon na wurga shi ta saman langa-langa. Na ji ya faɗa kan wani abu ƙwal, kamar buta.

Na kunna inji, na ɗora katako na farko. Ya shiga lafiya lau har rabi, ina turawa ina harare-harare don kowa ya ga yadda gwani ke aiki. Can sai muryar injin ta canza, ta koma gurnani, katakon ya yi nauyi a hannuna, na ji ƙaurin ƙuna. Mai hankali a nan zai kashe inji. Ni da mutum goma ke kallo, sai na ƙara danna shi da ƙarfi.

Ban ga tahowarsa ba. Ƙara kawai na ji, fam! Katakon ya dawo da baya ya doke ni a saman cinya, tazarar ɗan yatsa tsakaninsa da wurin da ba a faɗa. Na tafi da baya na zube cikin tulin dusar katako, ƙafafu a sama, wandona ya dare tun daga gwiwa har ƙugu. Ihun da na yi, ragon suna sai da ya tsinke igiya.

Wani ya kashe injin. Wasu hannuwa suka shiga hammatana suka ɗago ni zaune.

"Sannu, sannu. Motsa ƙafar mu gani. Alhamdulillahi, ba karaya."

Na san muryar. Wallahi da na ji ta, ciwon cinyar ɗaukewa ya yi. Na share dusa daga idona, sai ga Baba durƙushe a gabana, gefen rigarsa jiƙe da ruwan buta. Shi da muke sa ran zuwansa gobe da asuba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ya samu motar da za ta sauke shi a Ƙofa, ya iso da hantsi, ya biyo ta rumfa bai same ni ba. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a gidan tsaga katako a Kano, ni kuwa manomi kawai na san shi. Da ya ga ɗanyen turaren da na jibge, ya ga gejina, sai hankalinsa ya tashi. Amma suruki ba ya tsayawa yana koya wa mijin 'yarsa sana'arsa, da kunya. Sai ya gyara abin da hannunsa, ya ce wa Tanimu kada ya kuskura ya ce shi ne. Da na fara zage-zage yana zaune a bayan langa-langa ya idar da salla, ya ƙi fitowa, wai don kada in san ya ji. Niyyarsa ya sulale ta baya. Ihuna ne ya fito da shi.

Ya shiga ya ɗauko guntun katakon, ya mayar da notinsa a hankali. Ko kallona bai yi ba. Wajen Tanimu ya juya yana yi masa magana, ni ina zaune a ƙasa ina riƙe da yagaggen wando.

"Malam Tanimu, ka gaya wa maƙwabcinka, ɗanyen katako in an tsaga shi ba ya tsayawa yadda yake, lanƙwashewa yake yi. In geji ya kai har ƙarshen tebur, ɓangaren katakon da ya wuce zarto ba shi da wurin gocewa, sai ya matse tsakanin geji da haƙoran baya. Su kuma haƙoran baya sama suke tasowa, sai su ɗauko shi su jefo wa mai turawa. In gejin ya tsaya a tsakiyar zarto, katako yana rabuwa ya samu sarari, ya karkace son ransa, ba ruwan kowa. Ka kuma ce masa ya daina tsayawa saitin zarto."

"To Baba, zan gaya masa," in ji Tanimu. Sai ɗan banzan ya juyo gare ni, fuska a murtuke: "Wai an ce in gaya maka..." 'Yan acaɓa suka fashe da dariya. Wannan ita ce ban yafe masa ba har gobe.

Baba ya naɗe hannun riga ya tsaga katakon nan kaf kafin a ɗauke wuta. Ko ɗaya bai yi gardama ba.

Labari ya riga ni isa gida. Rabi tana ɗakin jego, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Gobe dai kawunka zai zo, sai ka san abin da za ka gaya masa." Na gwammace ta zage ni.

Bayan la'asar na canza wando, na ɗingisa zuwa zauren maƙwabcinmu inda aka sauki Baba. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na zube, cinya tana zugi. Na ce, "Baba, na yi kuskure, ban san kai ne ba. Don girman Allah a yafe mini."

Ya ce, "Me aka yi? Ni kunnena ya daɗe da tafiya, ƙarar inji ta cinye shi tun ina saurayi. Ban ji komai ba. Tashi ka je ka gasa ƙafar da ruwan zafi."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na yi godiya, na yi godiya, na ja da baya har bakin ƙofa. Ina sa ƙafa a takalmi sai na ji ya yi gyaran murya.

"Sai dai akurkin kaji na iya haɗawa. Wanda ke tsakar gidanku ma ni na yi wa Rabi."

Guntun katakon yana nan a jikin gejina, ban sake kwance shi ba, katako kuma bai sake dukana ba. Zuciya dai ba zan yi muku ƙarya in ce na daina ba. Amma yanzu kafin in tambayi wane jahilin ne ya yi abu, sai na fara zagayawa na leƙa bayan langa-langa.