Rasuwar Nyar Pemberow, Sifana Mai Tambarin Zomo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, ni Zakayo Ogembo, tsohon makanike a garejin jirgin ƙasa na Kisumu, ina sanar da 'yan uwa, abokan arziki da dukkan 'yan Ƙungiyar Masu Tara Tsofaffin Ƙarafa rasuwar sifanata, Nyar Pemberow, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata, a hannun wani, ba a hannuna ba.

An haifi marigayiya a wata ƙaramar maƙera mai suna Pemberow, wadda ta rufe tun kafin a haife ni. Da sunan gidansu nake kiranta, Nyar Pemberow, wato 'yar Pemberow, kamar yadda muke kiran matan aure. Na tsamo ta daga tarin bola a kasuwar Kibuye shekara talatin da ɗaya da suka wuce, tsatsa ta ci jikinta, na jiƙa ta a kananzir kwana tara kafin tambarinta ya bayyana: ɗan zomo mai kunne ɗaya a tsaye. Masu tara sifanun manyan kamfanoni sun yi mini dariya. Har yau babu wanda ya ga irinta ta biyu.

Mai haƙuri ce, ba ta taɓa zamewa ta fasa wa mutum yatsa ba, ba ta taɓa cinye kan noti ba. Awonta na tsohon inci ne, shi ya sa duk injin zamanin Turawa da ya gagari sifanun yau, ƙofarta ake zuwa. Idan aka ɗan buga ta da farce sai ta ce "tinnn", ta ja muryar har mutum ya kurɓi shayi ya ajiye kofi.

Ta rasu ta bar ƙanne shida, sifanun da ke rataye a jikin allo, da ƙusarta da babu kowa a kai, da ni, da matata Nyar Gem da ta daɗe tana kishi da ita, sai kuma aminina na shekara arba'in, Obuya mai walda, bahagon da ya koya mini dokar farko ta wannan harka: ba a zura wa tsohuwar sifana bututu don ƙara ƙarfi.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Ranar Talata na tafi asibiti awon jini. Famfon rijiyar cocinmu ya tsaya, wani ya zo ya are ta a bayan idona. Da na dawo na same ta rataye a ƙusarta, an shafe ta da baƙin mai har tana sheƙi. Na buga ta da farce kamar kullum. Ta ce "ƙwas".

Na goge man. Ga shatin bakin bututu a wutsiyarta. Muƙamuƙinta ya karye an yi masa walda, an bi da injin gurza don a ɓoye ɗinkin, an gurje har da zomon. Ko kunnen bai tsira ba.

Na tambayi matata wa ya shigo. Ta ce, "Ni dai kifi nake soyawa, baban Awiti. Kuma ƙarfe ne fa, ba uwarka ba." Na ce mata ba sai ta faɗa ba. Walda kamar rubutun hannu ce, wannan kuwa daga dama ta taso ta gangara hagu, irin ta bahago, na san ta kamar yadda na san tafin hannuna.

Karayar ba ta ƙona mini rai kamar man ba. Ƙarfe yana karyewa. Amma a shafa mini mai a ido, a rataye gawa a bangona, a zo washegari a sha shayina ana tambayata sakamakon asibiti, wannan ne ya hana ni cin tuwo kwana uku. Ina jin haushinsa, kuma ina kewarsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Dokar ƙungiyarmu sananniya ce: wanda ya lalata kayan ɗan uwansa ya faɗa, a yafe, wanda ya ɓoye, a kore shi har abada. Shugabanmu, dattijo Nyamwaya, ya tare ni jiya ya ce, "Zakayo, kana da suna a bakinka, ina ganin tudunsa a kumatunka. Ranar Asabar ko ka tofar ko mu ciro shi." 

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a gindin mangwaron bayan gidana da ke Nyalenda. Za a naɗe ta a tsumman giris ɗinta. Akwai shayi, tuwon masara da kifi. Kada kowa ya zo da sabuwar sifana da sunan ta'aziyya.

Bisa al'ada, wanda ya fi kusa da mamaci shi ke sauke shi cikin kabari. Na bar wa Obuya wannan aiki, da hannunsa na hagu. Zan tsaya a gefensa in yi shiru na minti ɗaya, ko yana da abin da zai gaya wa jama'a kafin Nyamwaya ya juyo gare ni.

Rami ɗaya na haƙa. Ina roƙonsa don girman Allah kada ya sa in binne shekara arba'in a cikinsa.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙurin rashi.