Babana a Hoton 'Yan Majalisa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren 'yata ta fari ba, kuma hoto ne ya jawo.

Babana ya rasu ina goye, ban san fuskarsa ba. Da na girma, wani tsohon mai ɗaukar hoto a nan Gaya ya ba ni wani hoto baƙi da fari, na lokacin da 'yan majalisar dokoki suka zo rangadi, tun ba a yi gada ba. Suna tsaye cikin jirgi a bakin kogi. Ya ce, "Babanka na ciki." Ban tambaye shi wanne ba (ni da nake yi wa yarana faɗa su riƙa tambaya a lakwal, wato makaranta). Na duba, na zaɓi wani dogo mai babbar riga, kusa da depite, wato ɗan majalisar yankinmu. Goshinsa irin nawa ne. Shekara da shekaru, in abu ya dame ni, gabansa nake zama, ina yi masa addu'a.

Ranar biki na tsara komai. Na farko, na sa aka ƙara girman hoton. Na biyu, na rataye shi a zaure. Na uku, bayan an shafa fatiha, na tara surukaina 'yan Malanbil, na ɗora yatsa a kan hoton.

"Ga kakan amarya, na hannun daman depite."

Sai ga Gwaggo, ƙanwar babana, ta iso daga Yelu za ta shige cikin gida. Ba ta taɓa ganin hoton ba. Ta tsaya, ta ƙura ido.

"Kai ɗan nan, wannan ai tafintansu ne. Ina Yaya ya ga babbar riga?"

"Gwaggo, ki duba da kyau."

"Ni za ka nuna wa ɗan'uwana? Ga shi can."

Ta nuna ƙarshen jirgin. Wani mutum ne ba riga, ya juya baya, yana riƙe da filafili.

Sai wani dattijo cikin surukai ya ce, "To Malam, ai shi ya ɗauko majalisar gaba ɗaya." Aka fashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin hula.

Da aka watse na ja kujera, na daɗe ina kallon bayan nan, kamar zai waiwayo.

Abin da na koya: kafin ka fara kewar mutum, tambayi wanne ne. Tafinta dai, Allah ya jiƙansa, ya sha addu'ar ɗan wani.