Yadda Tuan Baharom Ya Shiga Littafin Shari'a

Allah ya yi wa gundumarmu baiwa da Tuan Baharom bin Mat Desa, shugaban sashen tsabta da bin doka, wanda a bayan idonsa muke kira Tuan Hatimi, wato Yallaɓai Hatimi. Mutum ne mai tsoron Allah. Ko ayaba ya ƙwace a kasuwa, ba ya ci sai ya yi bisimilla.

Wata Litinin, Mak Cik Normala, wato Inna Normala, tsohuwar malamar firamare, ta tsaya a ƙofar ofishinsa riƙe da kwali: "Wata bakwai kwatarmu a toshe." Tuan ya leƙo ta taga, ya ga juyin mulki ƙiri-ƙiri.

"Mak Cik, kin san gaban wa kike tsaye? Ni da gwamnati ba a raba mu. Ko atishawa na yi, umarni ne!"

"Na san ka, Baharom," in ji ta. "Sau biyu ka maimaita aji uku a hannuna."

Nan take ya sa aka kulle ta a ɗakin ajiye tsintsiya har la'asar. Kwalin kuwa aka tsare shi daban, don kada su haɗa baki.

Ta kai ƙara Babbar Kotu. Tuan ya je da lambobin yabo reras a ƙirji.

"Ya mai shari'a, wanda ya yi ƙarata ƙasa ya yi ƙara. Kujerata ta kare ni!"

Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce sun duba dokokinsu kaf, ba su ga inda suka aiki kowa ya kulle tsohuwa da tsintsiya ba. Alƙaliya ta yanke cewa ya tauye 'yancin matar, diyya kuma daga aljihunsa za ta fito, ba daga baitulmali ba. Gonarsa ta durian, 'ya'yan itacen nan masu tsada, ta tafi wajen biyan diyyar.

Amma jarumi bai karaya ba. A shagon kofi yana ta kaɗa takardar hukuncin: "Shafi hamsin da biyu, sunana sau tamanin! Uban wa aka taɓa yi wa haka a garin nan?"

Da ya ji ana karanta shari'arsa a wata makarantar lauyoyi, sai ya ɗinka sabon kwat, ya tafi ba su lacca kyauta. Malamin ajin ya tarbe shi hannu bibbiyu.

"Tuan! Ai kai ne tambayar farko a jarrabawarmu, ta sadaka. Ko ɗalibin da bai taɓa buɗe littafi ba ya san kai ne marar gaskiya."