Rasuwar Allon Hajiya Habsatou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Hajiya Habsatou Kalla, tsohuwar malamar makarantar boko a Damagaram, mazauniyar unguwar Abdulkafi a nan ƙasar Larabawa, na sanar da rasuwar na'urarta ta hannu, tablet, da yara ke kira Allo. Ya cika ranar Talata, yana da shekara shida.

An daɗe ana faɗa mata cewa abin da aka zuba a na'ura ba ya mutuwa, wai yana can ajiye a sama. Ita kuwa ba ta sayen magana sai ta ɗanɗana, shi ya sa sanarwar ta makara.

Marigayin ya rayu da wasa ɗaya tak, na koyon baƙaƙen Hausa, wanda ta tsara da ɗanta Abdourahamane, mai gyaran waya, kafin Allah ya karɓi abinsa. Shi ya so motocin tsere da taurari. Ita ta kafe a kan dabino: yaro ya ja harafi zuwa kwando, in ya dace dabino ya faɗo. Sun yi mako biyu suna gardama kan abin da za a ce wa yaron da ya kuskure. Ta hana ƙararrawa, domin ta ga abin da tsawa ke yi wa ɗan shekara biyar. A ƙarshe ya ɗauki muryarsa ya saka: "A'a, sake dai, ina jiranka."

Allo bai taɓa gajiya da daƙiƙi ba. 'Ya'yan leburori goma sha ɗaya, da Larabci ya fara cinye musu baki, sun rubuta sunansu a hannunsa. Da iyaye suka kwashe su, wasu Tarabulus, wasu Agadas, sai ya rage ɗaliba guda mai shekara saba'in da ɗaya. Ta san amsoshin duka. Da gangan take kuskurewa.

Zafi da ɗaukewar wuta suka kumbura masa ciki har gilashin ya ɗaga. Ya bar caja ɗaya, da rigar roba mai tsaga.

Za a naɗe shi a kallabi, a sa shi ƙasan akwati ranar Alhamis bayan la'asar. Kada a kawo komai. Sai dai duk uwar da ta taɓa ɗaukar ɗanta a waya yana wasan, don Allah ta zo da wayar.

Masu gyara uku a unguwar Jadid sun buɗe Allo. Wasan ba ya ko'ina sai cikinsa, kuma ba a ciro komai ba.