Bidiyon Biki Babu Amarya

Ranar bikin Anti Rabi a Faskari, Yaya Sani mai haɗa bidiyo ya miƙo mini kyamara, tunda shi ba ya shiga cikin mata. Ya ce, "Sa babban memori." Ni kuwa cikin isa na zaɓi ƙaramin, wai na san aikina.

Kunya ta hana ni kallon fuskoki, sai na bi lallen ƙafafu, tandar waina, da wata kaza mai satar shinkafa. Ana rangaɗa guɗa amarya ta fito, memori ya cika.

Washegari Yaya ya kalla, ya dafe kai: "Ƙanwata, kazar muka aurar?"

Har yau Anti Rabi na ganina sai ta ce, "Ya amaryar taki? Ta fara ƙwai?"